Wasannin Ya Gaji a Shekarar Bado

Yau kwana goma sha tara rabonmu da ruwan sama a Nguru. Ƙirgawa nake yi, don haka Allah ya yi ni, abin da wata za ta bari ya wuce, ni sai na riƙe shi a ka. An yi shuka a kan ruwan farko, gero ya tsiro ya yi kunne biyu, sai sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, mu kwashe shanya da gudu, mu jera tukwane a bakin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi. A kwashe tukwanen a mayar, ba mai cewa komai.

Ni kuwa da safe, kafin in hura wuta, sai na ɗaga 'yata ta goye, Sa'adatu, da hannu biyu, na ɗan jinjina ta in ji nauyinta. Maigidana in ya gani dariya yake yi. "Ke dai da an san da ke, da an ba ki aikin sikeli a wurin awon gyaɗa," in ji shi. Ina barinsa ya yi dariyarsa. Ba ya nan a waccan shekarar, labari aka ba shi.

Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta ce kowace mace ta rubuta abu ɗaya da ba ta manta ba. Hannuna bai gama sabawa da fensir ba, amma abin da zan rubuta ba sai na nemo shi ba. Wannan rashin ruwan ya riga ya kawo mini shi har ɗaki.

Shekara goma sha bakwai ke nan ko sha takwas. Muna Gashuwa a lokacin, a unguwar da ke kusa da kogi, ana cikin yaƙin nan na Turawa da ya sa gishiri da yadi suka yi wuyar gani. Mu dai a unguwarmu shekarar bado muke ce mata. Daminar da ta gabace ta, ruwa ya yanke gero yana cikin fitar da kai, kogi kuma bai hau fadama yadda ya saba ba, shinkafa ta bushe a tsaye. Kafin bazara ta kankama an share rumbu da tsintsiya. Maza suka watse neman abin kaiwa baki. Nawa ya bi ayarin masu jakuna zuwa Nguru, wai ana samun dako a tashar jirgi. Gidan ya rage daga ni sai Inna, uwar mijina, sai yaron da ke bayana, ɗana na fari, yana da wata biyar. Sunansa ba zan rubuta ba. Ko a takarda ba zan iya ba.

Kwanakinmu duk iri ɗaya ne. Ana idar da sallar asuba mu matan unguwa za mu ɗauki ƙwarya da fartanya mu nufi tabkunan da suka ƙafe, mu shiga laka har gwiwa muna lalubo tushen bado. Wadda ta yi sammako ta samu rabin ƙwarya. Kafin hantsi ya ɗaga rairayi ya ɗauki zafi, a hanyar dawowa sai ki taka nan ki yi tsalle ki nemi 'yar inuwar kaba ki tsaya tafin ƙafarki ya huce. A gida a fere, a yanka, a shanya, a daka, a tuƙa wani abu mai kama da tuwo, launin toka, yana warin laka. Miya kuwa yaɗiya ce ko ganyen aduwa, da ɗan jiƙon kanwa, ba gishiri ba daddawa. Sau ɗaya ake ci, bayan la'asar. Yara suna yini suna gwaguyar goruba har dasashinsu ya yi jini. Akwai waɗanda suka haƙa gidan tururuwa suka kwashe tsabar da ta tara, na gani da idona, a rairaye ƙasar duka a samu tafi biyu. Rijiya ta yi nisa, guga ya dawo da ruwa ja mai kauri, sai an bar shi ya kwanta. Kogin kansa ya zama hanya, jakuna suna bi ta tsakiyarsa.

Uwata ta rasu tun ina ƙarama. Gwaggona ce ta yi mini wankan jego, kuma ranar da zan koma ɗakina ta zaunar da ni ta ja mini kunne a kan kunyar ɗan fari. Ba a kallonsa a gaban manya. Ba a yi masa wasa. Ba a ba shi nono a tsakar gida. In ya yi kuka, sai an ce ki tashi ki duba shi, an sake faɗa, sannan ki motsa kamar ba kya so. In an tambaye ki lafiyarsa ki sunkuyar da kai. "Kada a ce don marainiya ce shi ya sa ba ta da kunya," ta ce. Na riƙe maganar nan gam. Shekarata goma sha bakwai, ba ni da abin da zan nuna wa dangin miji sai kunyar nan.

Sai nonona ya fara janyewa.

Da farko yaron yakan kama ya ja, ya saki, ya tsala ihu yana dukan ƙirjina da ɗan hannunsa. Nakan shige ƙuryar ɗaki in ɗiga masa jiƙon goruba da yatsa. Bayan kwanaki kukan ya sauka, ya zama kamar na ɗan akuya da aka bari a rana. Daga nan kuma ya daina. Ya koma yana kwance luf a bayana, na lulluɓe shi da mayafi wai saboda rana. A wurin haƙar bado mata suka riƙa yaba shi. "Kai, wannan yaro akwai haƙuri, ba ya damun uwarsa." Ni kuma in sunkuyar da kai yadda aka koya mini.

Ba kunya kaɗai ta rufe mini baki ba, akwai tsoro. A lokacin in aka yi zargin nonon mace ba shi da kyau, sai a tatsa a ludayi a jefa tururuwa a ga ko za ta mutu, maganar kuma ta bi mace har tsufanta. Sai na ce wa kaina gobe zai dawo. In na sha ruwa da yawa zai dawo. Inna kuwa yanar ido ta rufe mata gani, inuwa kawai take gani, ga yunwa ta kwantar da ita. In ta ce in kawo mata shi, sai in ce barci yake. Ta ce, "To, bar shi, barci ma abinci ne a wannan zamani."

Zana ɗaya ce tsakaninmu da gidan Ya Gaji. Tsohuwa ce, sa'ar Inna, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana saƙar tabarmar kaba. Amma ba da tabarma aka san ta ba. Ita ce mai ƙirƙirar wasannin mata na kaka. Kowace shekara in an kai amfani gida, za ta fito da sabon wasa, da waƙarsa da amshinsa da yadda za a taka, ta tara matan unguwa ta koya musu, a rufe ƙofa a yi, ba namiji ko ɗaya. Ba maroƙiya ba ce, ba ta taɓa wasa kowa ba, ba ta karɓar komai. Abin mamaki kuma ita kanta ba ta iya waƙa ba. Muryarta kamar ta kwaɗon damina, ita da bakinta take faɗa. Zama take yi da sanda, in kin kauce ta buga ƙasa ta ce, "Ba nan na ajiye ta ba, koma ki ɗauko." Tana saƙa tana guna-guni, kina wucewa ki ce magana take yi da kaba, ashe waƙa ce ake haifa.

A shekarar bado ƙafafunta suka kumbura, ta daina tashi. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiyar gidanta, jikin zanarmu. Wata rana ina dakan bado na ji muryarta ta cikin zana, tana gaishe ni da Barbarci.

"Hajara, wushe da aiki."

"Wushe, Ya Gaji. Yaya ƙafa?"

"Ƙafa ta zama turmi. Ina angona? Kwana biyu ban ji ya yi mini waƙa ba."

"Barci yake, Ya Gaji."

"Barci," ta ce. Can ta ɗaga murya. "Maƙwabciya! Kina ji na? Ki duba jikan nan naki."

Inna ta fusata daga inda take kwance. Mace ce mai jin kanta, ba ta son a ce gidanta ya gaza. "Jikana lafiyarsa lau. Ke ki duba ƙafarki, ki bar leƙen gidan mutane ta zana."

"Ni ban leƙa ba, ido ya gaji. Kunne ne bai mutu ba."

"To ki toshe shi."

Na ji sanyi a raina, na ɗauka maganar ta wuce.

Bayan kwana biyu sai ga Fanna ta faɗo gidanmu. Fanna matar masunci ce, doguwa, mai faɗin baki, in tana dariya ana ji daga bakin kogi. Tana goye da 'yarta mai wata takwas. Duk wasannin Ya Gaji ita ke fitowa a namiji.

"Inna, albishirinki. Ya Gaji ta ce ba za ta ga kaka ba. Ta ce ran Alhamis bayan azahar a taru a yi mata wasanninta duka, daga na fari har na bara, ta ji da kunnenta kafin ta tafi."

"Wasa?" Inna ta tashi zaune. "Mutane suna cin laka ita tana kiran wasa? Tsufan nata ya hau kai."

"Ta ce za ki faɗi haka. Ta ce a gaya miki in ba ki zo ba za ta yi miki waƙa kafin ta mutu, kuma ta riga ta sami amshin."

Inna ta ja tsaki, amma na ga bakinta ya motsa. "Tsohuwar banza. Ku ce mata ina zuwa, don in ga ƙarshen rashin hankali."

"Ke kuma Hajara," in ji Fanna, "ke ce uwa a wasan Ɗan Gora. Ita ta zaɓe ki. Ta ce a bara ta ji muryarki a cikin 'yan amshi."

Ran Alhamis rana ta buɗe kamar an hura maƙera. Ko ganyen tsamiya ba ya motsi. Mata wajen ashirin suka taru, kowa ta rame, zannuwa sun yi mana yawa. Aka kori yara, aka sa kara a ƙofa. Aka zuba ruwa a babban akushi aka kifa ƙwarya a kai don kiɗa, mai ruwan tana ta gargaɗi kada a fantsalar, da shi za ta yi girki. Aka jingina Ya Gaji da tsamiya, sandarta a hannu. Inna na kai ta gefe na zaunar, na tsaya a bayanta da goyona a lulluɓe.

Da aka fara, muryoyin ba ƙarfi. Wasu a zaune suka yi amshi. Aka yi wasan masuncin da ya hau gora barci ya kwashe shi, ruwa ya kai shi har ƙofar surukansa ba wando. Fanna ta fito da riga da wandon mijinta da gemun rama da ta liƙa da ƙaro, ta kwanta a kan gora tana minshari tana iyo a cikin ƙura. Dariyar farko da ta fito sai da ta ba mu tsoro, mun kwana biyu ba mu ji irinta ba. Aka yi na maigidan da ya ɓoye tsire a hula, mai yana bin goshinsa yana rantsuwa gumi ne. Aka yi na jirgi, wanda Ya Gaji ta ƙirƙira shekarar da ta taka da ƙafa har Nguru don kawai ta gan shi da idonta. Mata suka yi layi kowa ta riƙe ƙugun ta gabanta, ta gaba ta ɗora kasko mai hayaƙi a ka.

Jakin Nasara ba ya cin ƙaiƙayi,
Wuta yake ci, ya yi tusar hayaƙi.

Sau biyu Ya Gaji ta buga sanda ta mayar da jirgin baya, wai ya yi sauri. "Jirgin da na gani nishi yake yi kafin ya tashi. Ku yi nishi!" Wata ta ce, "Ya Gaji, nishi kam ai ba sai an koya mana ba bana." Har Inna sai da ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi.

Ni ban yi ba. Ina jin numfashin yaron a bayana, ɗan ƙarami, yana zuwa yana ɗaukewa. Tun safe bai buɗe ido ba.

Sai aka zo kan Ɗan Gora. Wasan ba wuya. Uwa za ta tafi rafi, sai ta ba maƙwabciya ɗanta ta riƙe mata. Ɗan kuwa ƙaramin gora ne da aka naɗe a zane. Wadda aka ba za ta yi kamar nauyinsa zai karya ta, ta tanƙware, ta yi tangaɗi, ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma haka, har ya zagaye fili, kowa da irin kukan da za ta yi da nauyinsa. Abin dariyar ke nan, gora ne fanko.

Fanna ta miƙo mini goran. Sai sanda ta bugi ƙasa.

"Ajiye goran nan."

"Ya Gaji, da me za a yi?" in ji Fanna. "Da kan Inna?"

"Shekara nawa ana yi mini wasan nan da ɗan da ba ya numfashi. Yau na ƙarshe ne, da ɗan mutum nake so. Hajara, sauko da angona."

Na ce, "Barci yake."

"A wasan ma barci yake yi."

Mata suka kwashe da dariya. Inna ta juyo da fuskarta wajena. "Sauke shi mana. Babba tana magana kina tsaye? Ko so kike a ce kina ƙwauron ɗan fari?"

Nan ne na gane ba ni da hanya. Kunyar da na ɓuya a bayanta ita ce ta tura ni gaba, don in na hana shi na nuna ina son sa a gaban manya. Na kwance goyon, na naɗe shi da zanen har ka, na shiga fili. Aka buga ƙwarya. Ban san inda muryar ta fito ba.

Riƙe mini ɗan nan, zan je rafi.

'Yan amshi suka karɓa:

Ayye nauyi, ɗan nan nauyi!

Ta farko, wata mai sayar da kanwa, ta riga ta buɗe ƙafa ta ɗaure damtse, tana shirin tangaɗi. Na sa mata shi a hannu. Sai hannuwanta suka yi sama, kamar wadda ta sunkuya za ta ɗauki tulu cike ta tarar babu komai a ciki. Ta buɗe baki za ta yi baitinta, ya ƙi fita. Ta dube ni. Na dubi ƙasa. Ta juya ta miƙa wa ta kusa da ita a hankali, ba tangaɗi.

Ayye nauyi, ɗan nan nauyi!

Ta biyu ma haka. Ta uku ta ɗaga gefen zanen ta leƙa, ta mayar da sauri. Amshin ya fara raguwa, duk wadda yaron ya bi ta hannunta ba ta sake buɗe baki. Masu kiɗa suka sassauta.

"Ban ce a tsaya ba," in ji Ya Gaji. "A zagaya da shi. Kowa ta riƙe."

Haka ya bi hannu bayan hannu, har ya zamana mutum biyu ke amshi, sannan ɗaya, sannan ba kowa. Ƙwarya ta yi shiru. Ya iso hannun Fanna, tana tsaye da wando da gemun rama, hawaye yana bi ta cikin gemun.

"A wasan nan kaka ce ta ƙarshe," Ya Gaji ta ce. "Ku ba kakarsa."

Babu wata kaka a wasan, kowa ya sani. Fanna ta je ta durƙusa ta ɗora shi a cinyar Inna.

Inna tana murmushi ta karɓa, don ba ta ga abin da ya faru ba. Na ga murmushin ya tafi. Ta warware zanen. Yatsunta suka bi haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya, suka bi cinyarsa da fatar ta yi yawa, suka hau kansa suka tsaya a maɗiga, inda ta faɗa kamar an danna da babban yatsa.

"Hajara."

"Na'am, Inna."

"Tun yaushe?"

Na durƙusa. Abin da na riƙe kwana da kwanaki ya ɓalle. "Inna, babu ruwa. Ya ƙafe. Ya fi kwana ashirin. Ina ba shi yana ja babu komai."

"Kika yi shiru."

"Na ji kunya."

"Kunyar wa? Ni makauniya? Ina kwance ina cewa barci abinci ne, ke kina ji kina shiru?" Muryarta ta karye. Ta laluba ta kamo kaina ta haɗa da ƙirjinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Sannan ta juya wajen tsamiya. "Kin faɗa mini."

"Na faɗa miki, kika ce in duba ƙafata. Na duba, tana nan a kumbure."

Fanna ba ta jira kowa ba. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗage rigar mijinta, ta karɓi yaron. Bai iya kamawa ba. Ta tatsa ta ɗiga masa a leɓe, ɗigo ɗaya, ta jira, ta sake. Muna kewaye da ita ba mai motsi. Wata tsohuwa ta ce, ba tare da an tambaye ta ba, "Wannan ba mugun nono ba ne, yunwa ce. Kada in ji wata ta ɗauko ludayi." Can sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake motsawa. Ya kama.

"Allah ya sa kada ya tashi ya ce mai gemu ne ya shayar da shi," in ji Fanna, tana dariya tana jan majina.

Ya sha kaɗan ya saki. Fanna ta ɗaga shi a kafaɗa tana shafa bayansa. Sai ya yamutsa fuska, ya ja numfashi, ya yi kuka. Siriri ne, a shaƙe, amma kuka ne.

Ya Gaji ta ajiye sandarta a ƙasa ta lumshe ido. "Yauwa," ta ce. "Wannan na tara ku in ji. Sauran duk na san su."

Daga ranar Fanna take zuwa safe da yamma, ta shayar da tata ta shayar da nawa. Mijinta yakan tafi wajen Dagona ya haƙo gaiwa daga busasshiyar laka, ta kawo mini romon a ɓoye cikin mayafi, ta tsaya a kaina sai na shanye. Mata in an dawo daga haƙar bado kowa ta ɗiba kaɗan ta zuba a ƙwaryata da ta Fanna, ba a magana. Inna kuwa ta sa na ja ta har ƙuryar ɗakinta, ta fasa yumɓun da ta liƙe bakin tulun iri da shi, geron shuka da ta hana kowa taɓawa duk tsananin nan. Ta ce in ɗiba in dama kunun kanwa. Na ce, "Inna, in ruwa ya sauka me za mu shuka?" Ta ce, "Dama kunu na ce miki." Har yau in na ji ƙanshin kunun kanwa, wancan nake tunawa, yadda ya sauka a cikina da zafi har sai da na yi gumi.

Kwana goma sha ɗaya bayan wasan ruwa ya sauka, da rana tsaka. Muka fito muka tsaya a cikinsa. Ƙanshin ƙasar nan ya tashi. Washegari maƙwabta suka aiko mana da iri, wannan tafi ɗaya, waccan rabin ludayi, har ya ishi gonar bayan gida. Tafasa ta tsiro, aka sami miya mai ɗanɗanon ganye. Bayan mako biyu aka ji ihu daga gabar kogi, ruwa ya iso. Muka je muka ga kansa yana tafe a kan rairayi a hankali, yana tura kumfa da karare a gabansa. A cikin kwanakin nan ne wata safiya na farka na ji gaban rigata a jiƙe. Na zauna na yi ta kuka, Inna tana tambaya daga ɗakinta ko wani abu ne ya cije ni.

Maigidana ya dawo da buhun dawa a kan jaki. Ya leƙa yaron ya ce, "Kamar ya ɗan rame." Fanna tana wurin. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi.

Ya Gaji ta ji ruwan, ta ji isowar kogi, amma ba ta ci tumu ba. Gero yana fitar da kai ta rasu. Ban taɓa yi mata godiya da baki ba. Sau ɗaya na je na durƙusa zan fara, ta ce, "Tashi, kin ja baitin nan da yawa, rafi za ki ba Makka ba." Da kaka ta zo aka yi wasanninta ba ita, sandarta a jingine da tsamiya. Tun daga shekarar kuma ba a sake naɗe gora ba a unguwarmu. Ɗan farin da ya fi ƙanƙanta shi ake zagayawa da shi, kowace mace ta riƙe.

Yanzu muna Nguru. Nan akwai injin niƙa, ba mai durƙusawa a kan dutse balle ta yi waƙa. A bakin kasuwa akwai mai garmaho, waƙa tana fitowa daga akwati, ba ruwanta da wanda ke saurare. Ko ruwa ya yi jinkiri jirgi yana kawo hatsi, ban ga mai haƙar bado ba tukuna. Gidajen kuma katangar ƙasa ce, ba zana ba, sai kin kasa kunne sosai. Yaron nan da ba na faɗin sunansa sai ya sunkuya yake shiga ɗakina, buhu yake ɗauka a kafaɗa ɗaya. Kowace salla yana hawa mota ya je Gashuwa ya gaida Fanna, har yau kuma tana tambayarsa ko yana tuna gemun.

A jikin katangarmu akwai wata yarinya, matar wani ma'aikacin jirgi, daga nesa aka kawo ta, ba ta da kowa a garin nan. Tana goyon ɗan fari. Kullum a lulluɓe yake. Kwana uku ina kasa kunne ban ji kukansa ba, jiya ko abinci ban iya ci ba. Yau da hantsi na goya Sa'adatu na shiga gidan.

"Sannu da gida, ƙanwata. Ina angona?"

Ta sunkuyar da kai. "Barci yake, Yaya."

Ban tsaya wata magana ba. Na kwance Sa'adatu na ɗora mata a hannu, na ce ta riƙe mini, bayana ya gaji, ta ba ni nata in ji ɗuminsa. Ba ta da yadda za ta yi. Ta juya, na zare shi daga bayanta, na ɗaga.

Hannuwana suka yi ƙasa. Sai da na tanƙware na tare shi da gwiwa. Ƙato, cinya duk ninki, wuya ya ɓace a cikin kumatu. Ya buɗe ido ɗaya ya harare ni don na tashe shi, ya tsula mini fitsari a zane, ya koma barcinsa.

Ban san lokacin da bakina ya kama ba. Ayye nauyi, ɗan nan nauyi. Ina yi ina tangaɗi a tsakar gidan mutane, ina dariya, hawaye yana zuba. Yarinyar ta tsaya riƙe da 'yata tana kallona.

"Yaya, lafiya? Wace waƙa ce wannan?"

Na ce, "Ta wata tsohuwa ce mai muryar kwaɗo, Allah ya jiƙanta. Shimfiɗa mana tabarma. Akwai amshi, ke za ki riƙa yi."